Agogon da Na Ɗaura wa Inna

Ni ne ɗan farin Inna, don haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "wancan" nake. Da na fara koyarwa na koma "malamin nan", da aka tura ni garin Isa kuma na zama "mutumin Isa". In na je ƙauyenmu da ke gefen Kurawa, na durƙusa a ƙofar ɗakinta na gaishe ta, takan amsa ne tana kallon garu ko tana tsince tsakuwa a cikin wake. Idan tana da magana da ni sai ta faɗa wa autarmu, ko da kuwa ina zaune a tsakaninsu: "Ki ce mishi shi ci tuwon ga tun bai huce ba." Haka uwarta ta yi da nata ɗan farin, haka ita ma ta tashi ta tarar, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba sai da ciwo ya shigo gidan.

Autar tamu ita ke zaune da Inna. Mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida, ta ɗauke girki da daka da ɗebo ruwa. Ita ce ta kira ni wata rana ta ce Inna ta zame ta zauna a bakin rijiya, ta daɗe ba ta iya tashi ba. Na zo na kwashe su zuwa asibiti a Sabon Birni. Ina tsaye a kansu nas ta maƙala wa Inna wani ɗan abu kamar matsin shanya a yatsa, abin ya yi ta ƙyafta ido bai ce komai ba. Nas ta dubi yatsan ta yi dariya ta ce, "Iya, wannan ya sha lalle har ya yi baƙi, hasken ba ya iya ratsawa. Kawo wanda lallen ya koɗe." Aka canza yatsa, abin ya yi magana. Duk a idona aka yi wannan, har na taya su dariya, sannan na zubar da zancen a nan ƙofar asibitin.

Likita ya ce zuciyarta tana tuntuɓe. Takan yi gudu, ta tsaya, ta sake zabura. Ya ba da magani, ya ce a sa mata ido, duk ranar da abin ya canza a dawo da ita ba tare da jira ba. To, a sa ido da wane idon? Ina Isa ina koyar da lissafi, tana ƙauye. In na kira na ce a tambaye ta jiki, amsar guda ce ko da tana kwance ba ta iya ɗaga kai: "Ki ce mishi da sauƙi." Matar da ba ta iya faɗin sunana ba za ta buɗe baki ta ce mini ƙirjinta na ciwo ba.

A hannun wani abokin aikina na fara ganin agogon. Ya nuna mini yadda koren haske ke walƙiya a bayansa, yana leƙa jini ta cikin fata, yana ƙirga bugun zuciya dare da rana. Ya ce ana iya haɗa shi da wayar wani, wayar ta riƙa turo wa tawa labari. Wallahi a wannan rana ji na yi kamar an buɗe mini taga a ɗakin da na shekara arba'in ina zagayawa. Ni mutum ne mai yarda da lamba fiye da kima, matata ma takan ce in da ana auna gishirin miya da ma'auni da ni ne zan fara kawo shi gida. Na yi saƙo Sakkwato aka kawo mini irinsa, na kama hanyar gida ina jin kaina kamar wanda ya ƙirƙiro shi.

Ranar da na kai shi bazara ta fara zafi, Inna na zaune a kan tabarma a inuwar bishiyar dogon yaro da ke tsakar gida. Na yi bayani mai tsawo, irin wanda nake yi wa 'yan aji uku, tana sauraro tana kallon kaji. Auta ta ce in kawo ta ɗaura mata, na ce a'a, ba ta san yadda ake yi ba. Inna ta miƙo hannun hagu ta kawar da kai gefe.

Tun ina goye na san hannun nan, amma ban taɓa kallonsa kusa haka ba. A wuyan hannayenta duka biyu akwai zane baƙi wuluk, faɗinsa ya kai yatsu uku, ya zagaye kamar awarwaro. Suna 'yan mata aka yi musu, ita da ƙawayenta. Wanzami ya tsattsaga da aska, aka cusa baƙin tukunya a ciki, ya warke ya zauna har abada. Na taɓa jin tana gaya wa auta cewa ubanta bai da halin saya mata na azurfa, shi ya sa ta sa aka yi mata wanda ɓarawo ba ya iya tuɓewa. Na riƙe hannun don in ja maɗaurin, babban yatsana ya sauka a kan zanen, a daidai jijiya. Kunya ta kama ni, na yi sauri na ɗaure na saki. Agogon ya zauna a kan baƙin zanen daram, kamar don shi aka yi wurin.

Na haɗa shi da wayar auta. A gidanmu sabis wuri ɗaya yake sauka, a wani reshe na dogon yaron nan, shi ma layin Nijar ne. Muka sa wayar a tsohuwar safa muka rataye ta a reshen. Da na duba ban ga lamba ta fito ba, na ce sai ya saba da jikinta tukuna. Na koma Isa a ranar saboda washegari akwai makaranta.

Kwana tara agogon nan yana ba ni haushi. Sai ya kawo lamba ɗaya, ya yi shiru rabin yini, ya sake kawo wata wadda ba ta da kai ba ta da gindi. Mafi yawan lokaci abin da wayata ke cewa shi ne ba a sanye da agogon. Ni kuwa na riga na yanke hukunci: tsohuwa ce, ta raina abin bature, tana cirewa ta tura ƙarƙashin matashi. Kullum sai na kira auta na wanke ta tas. Sau biyu a cikin kwanakin nan na bar aiki na kamo hanya, kuma hanyarmu kowa ya san halin da take ciki. Mota ba ta tashi sai da safe, in rana ta karkata ko uban direba ne ya zo ba zai tayar ba, saboda mutanen daji.

A zuwa na biyu na tarar da agogon a hannunta. Wannan bai sa na sauko ba, na ce ai don an ji sallamata ne aka mayar. Auta ta ce, "Yaya, wallahi ba ta hidda shi sai in za ta alwala. Ni dai ina ga kamar agogon ga ba shi son..."

"Ke rufe mini baki," na ce. "Mi kinka sani ga agogo?"

Inna na kallon garu ta ce, "Ki ce mishi ban hidda shi ba."

Na ɗaga wayata na nuna wa auta, amma da Inna nake. Na ce, "Na'ura ba ta ƙarya."

Sai da maganar ta fita na ji nauyinta, domin in na'ura ba ta ƙarya, to an san wanda ya yi. Ban janye ba, girman kai ya hana. Can Inna ta gyara zaman kallabinta ta ce, "Ki ce mishi mun ji."

A komawata, motar da ta riga tamu tashi daga tasha ba ta isa ba, mutanen daji suka tare ta. Mu Allah ya tsare, muka juya muka ɓuya a wani ƙauye har hanya ta lafa, wayata kuma ba sabis. Labari ya riga ni isa gida, aka ce motar Isa ce, ba a faɗi wacce ba. Sai bayan la'asar na samu na kira na ce ina lafiya. Auta ta yi ta kuka a waya. Na tambayi Inna, ta ce tana ɗaki.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara, ta nuna jan layi: zuciya na gudu tana tsalle, kusan minti goma. Na kira a gigice. Auta ta daɗe kafin ta ɗauka, ta ce ba komai, akuya ce ta shiga rumbu Inna ta bi ta da gudu. Na yi faɗa na ce kada a sake barinta ta kori ko ƙuda. Daga wannan rana agogon ya shiryu. Lambobi suka riƙa zuwa a jere, lafiya lau, ba gibi ba tsalle. Na ce a raina, ka ga amfanin faɗa, ai da ma in ba a buɗe wa mutanen gida ido ba ba sa ɗaukar abu da muhimmanci.

Wata huɗu na yi a cikin wannan daɗin, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu. Da na sallame sallar asuba sai in ɗauki waya in ga ta tashi. In na ga bugun ya hau da hantsi sai in ce wa matata, "Inna na daka." Ina faɗa ina fahariya, wai maganin likita da dabarata sun mai da tsohuwa yarinya. In ya sauka bayan azahar sai in ce ta kishingiɗa. Na san ranar kasuwa da yawan takunta, na san ranar da aka yi ruwa ba ta fita ba. A ɗakin malamai na ishi kowa da nuni, har suka sa mini likitan nesa. Na taɓa ce wa matata zuciyar Inna ta fi tawa ƙuruciya, muka yi dariya.

Ban gaya wa kowa ba, amma ni a wurina wannan hira ce. Karon farko ke nan a rayuwata da Inna ke gaya mini yadda ta kwana da yadda ta yini ba tare da ɗan aike ba. Har nakan sa wayar a gefen kwano ina cin abinci ina kallo, kamar muna ci tare. Kuma tunda ina ganinta kullum, sai na daina zuwa. A wata huɗun nan sau ɗaya na leƙa, da rana tsaka, na tarar da ita a ɗaki a lulluɓe da zane, agogon na hannunta. Na ga ta rame, na ga ƙafafunta sun ɗan kumbura. Idona ya gaya mini gaskiya, na ce masa zafin bazara ne, na koma na yarda da waya.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, gero ya fi mutum tsawo, muna cikin jarrabawar ƙarshen zango. Takardar lissafi ake yi da ƙarfe goma sha ɗaya, tawa ce, ni zan tsare ɗakin. Da hantsi na koma gida in karya, sai ga kiran Kawu, ƙanen Inna, dattijon da ba ya kiran kowa sai dole. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi aiki da iyali da ruwan sama. Sannan ya ce, "To dama, jikin Innakka na ya ɗan motsa. In ka samu sarari ka leƙo."

Duk wanda aka haifa a ƙasarmu ya san fassarar wannan magana. Ba a gaya wa na nesa mugun labari gaba ɗaya, sai a gutsura masa. "Da sauƙi" na nufin ana kwance. "Ya ɗan motsa", in ya fito daga bakin dattijo da hantsi, na nufin ka ajiye abin da ke hannunka ka taho. Ni kaina na sha yi wa wasu irin wannan kiran, na kuma ga sun bar tuwo a kwano sun tashi. Matata da ke tsaye da butar shayi ta ji komai. Ta ce, "Malam, Kawu hwa bai kira ka don gaisuwa ba. Ka tashi tun motoci ba su ƙare ba."

Na ɗauko waya na duba. Tamanin da 'yan kai, a jere, ba tsalle. Na juya mata fuskar wayar na ce, "Dubi nan. Wanga ya yi miki kama da mai jin jiki? Zazzaɓin damina na. Gobe da sahe za ni tahi." Ta dube ni ta dubi wayar, ta ce ita dai ba ta san boko ba, amma ta san muryar Kawu. Na kira auta sau biyu ba ta ɗauka ba, na ce wayar na kan reshe, ita kuma tana wurin aiki. Na tafi na tsare jarrabawata, ina zagaya ɗaki da hannu a baya, ina kama masu leƙen takardar juna.

Bayan azahar Kawu ya sake kira. Wannan karon babu gaisuwa. Ya ce, "Ka taso yanzu, komi kaka yi." Na duba waya na ga bugun ya haura ɗari da ashirin. Amma ko a lokacin abin da na ce shi ne zazzaɓin ya yi zafi. Na ruga tasha, motocin Sabon Birni duk sun tashi. Na yi ta roƙon 'yan kabu-kabu har wani ya ji tausayina, ya ce ba zai bi titi ba sai ta cikin gonaki. Muka tarar wani rafi ya kawo, muka zauna jiran ruwa ya ja. Duk inda sabis ya leƙo sai in ciro waya in ga zuciyar na bugawa, in ce alhamdu lillahi, tana nan, za ni same ta.

Rana ta yi ja muka iso bakin gari. A nan muka yi kiciɓis da maza suna shigowa daga yamma, da fartanya da shebur a kafaɗa, ƙafafunsu duk jar laka. Mutum biyu na ɗauke da makara ba kowa a kanta. Na sauka daga babur na yi musu sallama, na ce, "Inna lillahi, wa munka rasa?" Ba wanda ya dube ni. Sai Kawu ya ratso cikinsu ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Sai haƙuri. Mun jira ka har inda za mu iya. Ka san yanzu ba a kai yamma a bayan gari."

Na fizge hannuna. Na ciro waya, kuma don Allah ya nuna mini iyakata, sabis ya kawo a daidai wurin. Na ɗaga ta sama a gaban dattawan garinmu ina cewa, "Ƙarya na! Ga ta nan tana bugawa! Ku duba!" Liman ya sunkuyar da kai. Kawu ya dubi wayar, ya dube ni, na ga fuskarsa ta canza irin ta wanda ya tuna ya bar wuta a ɗaki. Ya ce a hankali, "Wayyo. Agogon."

Na shiga gida mata cike da tsakar gida. Auta ta taso da gudu ta faɗi a ƙafafuna tana kuka, ta ɗaga hannu za ta riƙe rigata, hijabinta ya zame. Ga shi nan a wuyan hannunta, koren hasken na leƙowa ta gefe. Ta manta da shi sam, wata huɗu sun sa ya zame mata kamar fata. Na fita na zauna a kan tabarmar karɓar gaisuwa, mutane na cewa Allah ya jiƙanta, ina cewa amin, zuciyata kuwa ba baƙin ciki ne ya fara cika ta ba. Fushi ne, irin wanda ban taɓa yi ba.

Sai bayan addu'ar uku na kira ta ɗakin Inna. Na ce ta gaya mini tun yaushe. Ta ce tun ranar akuya, kuma babu wata akuya.

Ashe tun a makon farko matan gidan sun gano abin da malamin lissafi bai gano ba. Auta ta ɗaura a hannunta, agogo ya yi magana. Ta ɗaura wa maƙwabciyarmu, tsohuwa sa'ar Inna mai irin zanen, ya yi gum. Ta ɗaura wa wata amarya, ya yi magana. Suka gane baƙin zanen ne ke shanye hasken, kamar yadda lalle ya yi a asibiti. "Shi na niz zo in hwaɗa maka," in ji ta, "kac ce in ruhe baki."

Washegarin ranar da aka tare hanya, auta ta ce bari ta gwada tura agogon sama, ya wuce zanen. Nan take ya kama. Ya fara rawa a hannun Inna, lambobi na hawa suna faɗuwa. Inna ta tambaya mene ne, auta ta gaya mata. Ta ce, "Wanga abu zai kai ga mutumin Isa?" Auta ta ce ai ya riga ya kai. Inna ta kwance maɗaurin da kanta, ta kama hannun auta ta ɗaura mata. Ta ce, "Jiya ban san inda nike ba hat da yak kira. In abin ga ya yi shiru shi hau hanya, in ya yi magana shi hau hanya. Ki ba shi abin da shika son gani, shi zauna wuri guda."

Na ce, "Ke kuma kinka yarda."

Ta ce, "Yaya, uwata ta. Ta sa ni na rantse."

Na tambayi wa da wa suka sani. Kawu ya sani. Maƙwabta sun sani. Duk ranar da aka ji zan zo, ko aka hango ni, sai a yi maza a mayar wa Inna. Gari guda ya haɗa baki a kaina, ni ina Isa ina nuna wa mutane zuciyar ƙanwata ina cewa ta uwata ce. Dakan da nake murna da shi auta ke yi, Inna na kwance ta kai wata biyu ba ta iya ɗaga taɓarya. Na tambayi abu na ƙarshe, ko ta neme ni. Auta ta ce da hantsin ranar Inna ta buɗe ido ta ce, "A kira wancan." Ta rayu har aka yi kiran azahar, idonta na kan ƙofa. Da na tashi a kiran Kawu na farko, da na same ta da sauran sa'a guda ko fiye.

An yi ta ba ni baki. Kawu ya ce don tsare rayuwata aka yi, liman ya ce kwana ne ya ƙare, ko ina zaune a gabanta ba zan ƙara mata numfashi ɗaya ba. Duk na sani, ban musa ba. Amma ba cewa na yi zan hana ta mutuwa ba. Ni ne ɗan fari, ni ya kamata in tsaya a sahun gaba, in shiga kabari in karɓe ta in kwantar. Wasu suka yi, ni ina bakin rafi ina yi wa waya godiya. Sun san ina kallon abin nan safe da yamma, sun san na yarda da shi fiye da bakin kowa, kuma a ranar da ya kamata wani ya tuna ya cire shi, ba wanda ya tuna. Na yafe wa auta da baki saboda ta roƙa, kuma in aka bi diddigi ni na fara rufe mata baki. Inna ce ban san yadda zan yi da ita ba. Shekara arba'in ba ta yi mini magana kai tsaye ba, da na samu hanyar da zan ji ta ba ɗan aike, ita da hannunta ta sake sa auta a tsakaninmu.

Agogon yana cikin akwatina, ban sake ba shi caji ba. Lambobin kuwa suna nan a waya. Na goge na wata huɗun nan, na auta ne, ba ni da abin yi da su. Na bar na kwana taran farko, guntaye masu gibi, waɗanda na kira ta maƙaryaciya a kansu. Na bar jan layin nan na minti goma.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata. Ranar da na ɗaura mata agogon, da yatsana ya sauka a kan zanen, na ji ta. Bugu biyu a jere, sai shiru, sai wani ya zo da gaggawa kamar mai tuntuɓe a bakin ƙofa. Baƙin tukunya bai hana yatsana komai ba. Ita ma ta san na ji, domin hannunta ya ɗan tsaya a cikin nawa, ba ta janye ba. Da na ƙara riƙewa kaɗan, da na ce, "Inna, haka kike ji?" wataƙila da ta amsa, ko da garu za ta kalla. Ni ne na saki hannun, na ja maɗauri na ɗaure, na ce mata daga yau wannan zai riƙa gaya mini komai.